Sunan Baffa da Ruwan Zinare

Idan ka bi layin da ke bayan kasuwar Dutse Alhaji, ka wuce masu gyaran janareta, za ka ga wani ɗan shago mai labulen leshi. Na Madam Justina ne, mai haɗa katin biki da hannu. Ita ce mai shagon, amma wanda za ka fara cin karo da shi wani siririn dattijo ne a bayan tebur, tabarau ya zamo masa har kan hanci, yana yi wa duk mai shigowa kallon wanda ya taɓa sace masa akuya. Malam Datti ke nan. In ka yi sallama zai amsa maka cikakkiya, har da wabarakatuhu, amma idonsa na kan takalminka, daga nan ya hau agogonka, sannan ya iso fuska. Kar ka ji haushi. Limamin unguwarsu ma haka yake yi masa.

Ba haka aka haife shi ba. Mutumin Ɗanbatta ne, kuma karatunsa a aji shida ya tsaya. Lissafi bai taɓa shiga kansa ba, Turanci kuwa sai dai a yi haƙuri, amma Allah ya ba shi hannu. Tun yana aji huɗu hedimasta ke kiransa ya rubuta sunayen malamai a allon ofis. Da ya tasa sai ya bi wani mai fenti zuwa Kano, ya koyi rubutu a bayan motocin katako da goshin shaguna. Ana nan aka ce ana gina Abuja, ana neman masu hannu, ya naɗe buroshinsa a tsumma ya taho. Ya fi shekara goma sha biyar yana cin abinci da wannan sana'a, da ita ya auri Turai, da ita ya kama ɗaki biyu a Dutse Alhaji. Sai ga injin buga fasta ya shigo gari. Abin da Datti zai kwana uku a kan tsani yana yi, a buga shi kafin ka gama shan shayi. Ya yi gadi, ya yi tallan katin waya, har aikin fasa dutse ya gwada a Mpape, kwana huɗu ya ce a'a, wannan hannun ba don haka aka yi shi ba.

Justina ce ta tsamo shi. 'Yar Kafanchan ce, kuma shi ya taɓa rubuta mata allon shago tun tana ɗinki. Ta iya yanka takarda mai kauri, ta iya manna leshi da zare da 'yan duwatsu har kati ya fito kamar ka sa a firam, amma rubutunta, Allah ya sawwaƙe, kamar kaza ta yi tono. Masu kuɗin Abuja kuwa sun fara gajiya da katin inji, kowa yana son a ce nasa da hannu aka yi. Ta neme shi ta ce ya zo su haɗa kai, ita takarda, shi alƙalami.

Aikin nasa ba na gaggawa ba ne. Alƙaluma biyar gare shi, uku na ƙarfe, biyu na kara da yake fiƙewa da kansa da reza, don ya ce na ƙarfe ba ya ba harafi ƙiba da rama yadda yake so. Zai auna katin da rula, ya ja layuka da fensir sama-sama, ya zana haruffan da fensir ɗin tukuna don ya ga ko sunan zai zauna a tsakiya, sannan ya yi bismilla ya tsoma alƙalami. In ya gama sai a jera katunan a kan tabarma su kwana, washegari ya bi da magogi ya share layukan fensir, ya hure. Kati biyar yake yi a yini. Babu abin da ke ɓata masa rai kamar mutum ya ɗaga kati ya ce kai, kamar kwamfuta ce ta buga. Mutumin a ganinsa yabo ya yi. Datti kuwa sai ya karɓe katin ya kife, ya ce kwamfuta ba ta da uwa ba ta da uba, ta ina za ta san sunan da ya kamata a girmama.

To, abin da ya mai da shi mai kallon takalmin mutane, wani Manniru ne. Saurayi ne mai fara'a, masinja a wani ofis a cikin gari. Ya zo ya ba da aikin kati ashirin, ya ce zai yi aure a Keffi, har da goro ya kawo wa Datti. Datti ya zage ya yi masa aiki na gani na faɗa. Ashe babu amarya, babu ɗaurin aure, sunayen iyayen ma ƙirƙira ce. Ya raba katin a ofis, abokan aiki suka haɗa masa gudunmawa, ya ɗauki hutu ya ɓace. Su kuwa bayin Allah suka ɗinka anko, suka yi shatar bas har Keffi, suka yini suna tambayar masallacin da ba a taɓa ginawa ba. Da suka dawo, da ankon nasu a jiki, shagon Justina suka nufo, don sunan shagon na bayan katin. Wata mata ta riƙe katin a gaban fuskar Datti, a gaban masu janareta da masu kayan miya, ta ce dattijo da furfurarsa, da shi ake haɗa baki a cuci mutane. Ya rantse, ya sake rantsewa, amma wa zai saurare shi? Sati biyu bai fito sallar jam'i ba don kunya.

Tun daga ranar ya kafa doka. Alƙalaminsa ba zai sake taɓa kati ba sai ya yi magana da waliyyin amarya da bakinsa. Justina ta yi mita, ta ce Oga Datti wannan shago ne, ba kotu ba ne. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ta ga ba shi da niyyar sauka, kuma ba ta da wani mai hannu irin nasa, ta ƙyale shi. Shekara shida ana haka. Sau biyu ya kama maƙaryata, kuma kowanne sai da Turai ta ji labarinsa ya fi sau hamsin.

Ranar wata Laraba da hantsi wata mata ta shigo. Za ta kai shekara talatin da biyar, da farin takalmi irin na ma'aikatan asibiti, da jaka wadda zip ɗinta ya mutu. Ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi Baba, ta ce sunanta Rumasa'u, nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi, tana zaune a Mpape. Kati talatin take so. Datti ya tambayi bikin wa. Ta sunkuyar da kai ta ce nata.

Nan take ya gyara tabarau. Amarya da kanta, ba ƙawa, ba yaya, ba dangin ango? Ta miƙo takardar da ta rubuto sunaye. Ya karanta a hankali. Ɗaurin aure sati huɗu masu zuwa, a Danja, a ƙofar gidan Alhaji Zakariyya. Ta nuna sunan da yatsa ta ce baffanta ne, yayan mahaifinta, shi ne waliyyi. Mahaifinta ya rasu, mijinta na fari ma ya rasu, kuma a ɗakin su mahaifin nata wannan tsohon kaɗai ya rage. Ta ce sun ɗan yi nisa da juna tun da ta zo aiki Abuja ba da son ransa ba, shekara shida ke nan gaisuwa ce kawai ta waya a ranar salla. Don haka tana roƙon alfarma, a yi wa sunansa layi shi kaɗai, ya fi na kowa girma, yadda in ya riƙe katin zai san ba ta jefar da gidan ubanta ba.

Da wani ne da ya tausaya. Datti kuwa a ransa ya ce, uhm, labari ya yi daɗi da yawa. Manniru ma maraya ne, in ji shi.

Ya gaya mata dokarsa, ya ce ta ba shi lambar baffan. Ta dubi Justina, ta dubi ƙofa, ta ce ba za a iya fara aikin ba tukuna, ya kira daga baya? Ya ce ba a taɓa yi ba, ba kuma a kanta za a fara ba. Da ƙyar ta karanto lambar, yana rubutawa a bayan takardar.

"Amma don girman Allah, Baba, kar ka kira shi sai ranar Litinin," in ji ta. "Litinin da safe ka kira, babu komai."

Ya tambayi dalili. Ta ce akwai dai dalili. Ta zaɓi takarda mai ruwan madara a wurin Justina, ta sake yi masa sallama, ta fita da sauri tana duba agogo.

Ai kuwa ta bar shi da aiki. Ruwa ba ya tsami banza. Me ke tsakanin Laraba da Litinin? Kwana biyar, sun isa mutum ya nemo wani tsohon banza a tasha, ya koya masa abin da zai faɗa, ya ba shi na goro. Ma'aikaciya ce kuma, tana da abokan aiki masu haɗa gudunmawa, biri ya yi kama da mutum. Ga kati talatin kacal, daidai na raba wa 'yan ofis. Ya zayyana wa Justina duk wannan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita dai ta ga idon yarinyar, ba idon ɓarawo ba ne, kuma tunda ta ce Litinin a bar shi Litinin, mene ne abin wahala a ciki? Datti ya ce ita ma ai ta ga idon Manniru. A gida ma da ya kai maganar, Turai ta ce Malam ka bar 'yar mutane, ba kowane rufi ne na ƙarya ba. Ya ce ai su mata ba za su gane ba.

Ranar Alhamis Justina ta tafi kasuwar Wuse sayo zare. Tana ɓacewa a kwana ya ɗauko takardar ya juya bayanta. Har ga Allah ya ɗan yi jim. Sai ya tuna matar nan mai anko da katin a gaban fuskarsa, ya danna lambar.

Muryar tsoho ce ta amsa, mai nauyi, ana jin kukan tumaki a bayansa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da damina. Datti ya gabatar da kansa, ya ce shi mai rubuta katin biki ne a Abuja, an kawo masa aikin katin auren Rumasa'u, ya ga sunan Alhaji a matsayin waliyyi, shi ne ya ce bari ya tabbatar kafin ya sa hannu. Ya karanto rana da wuri da lokaci.

Datti ya duba wayar ko ta katse, sai muryar tsohon ta dawo.

"Wace rana ka ce?"

Ya maimaita.

"A ƙofar gidana."

"Haka aka rubuta, Alhaji."

"To, madalla. 'Yata ce, ba ƙarya ta yi maka ba. Allah ya sanya alheri."

Ya kashe. Datti ya ji maganar ta yi gajarta, amma ya ce ai kawaici ne irin na manya, dattijon kirki ba ya zaƙewa a kan auren 'yarsa. Abin da ya dame shi kawai shi ne ya zargi baiwar Allah a banza. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ya iya faɗa wa kowa, sai ya ƙudura zai biya ta da aiki. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko 'yar kwalbar ruwan zinare da yake ɓoyo, wadda ko 'yar wani babban darakta bai buɗe wa ba. Ya fiƙe sabon alƙalamin kara. Sauran sunaye ya yi su da baƙar tawada, amma layi na uku ya bar wa Alhaji Zakariyya shi kaɗai, da zinare, haruffan a tsaye da kauri, ya ja wutsiyar harafin ƙarshe ta zagayo ƙarƙashin sunan gaba ɗaya. Da Justina ta dawo ta ga na farko sai ta riƙe baki. Ta tambaye shi ya aka yi ya fara bai kira ba. Ya ce zuciyarsa ce ta kwanta. Ƙarya ke nan, daga bakin mutumin da ya shekara shida yana farautar maƙaryata.

Litinin ta zo ta wuce, babu Rumasa'u. Talata ma haka. Justina ta kira lambarta, tana shiga ba a ɗauka. Kafin Laraba Datti ya gama kati talatin, ya goge fensir, ya jera su a kwali, tsohon ciwonsa kuma ya dawo sabo. Wa ya sani ko tsohon nan na waya ɗan hannu ne? Kukan tumakin ma ai ana iya samunsa a kowace kasuwa. Ya fara lissafin inda za a kai katunan da irin mutanen da za su zo su tsaya masa a ƙofar shago. Ya ce wa Justina ko ta zo kar a ba ta sai ta kawo wani namiji daga danginta.

Sai da ta kwana tara sannan ta shigo, ranar Juma'a da safe. Ta rame. Ta gaida Justina, ta gaida shi, ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba. Datti ya buɗe baki zai fara tambayoyinsa, ta riga shi.

"Baba, ka kira shi."

Ba tambaya ba ce. Ya ce e, ya kira, kuma Alhaji ya tabbatar, har albarka ya sa.

Ta gyaɗa kai, sannan ta ba da labarin a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Baffa ya san da maganar manemin, an taɓa gaya masa, bai ce a'a ba. Abin da ya rage shi ne sa rana, kuma sa rana nasa ne, ba nata ba, ba na mahaifiyarta ba. Ita kuwa a asibiti sau ɗaya ake ba da hutu a shekara, an riga an liƙa nata a allo, in ya wuce sai baɗi. Shi ne suka tsayar da rana ita da angon a kan hutun, da niyyar ranar Asabar ta tafi Danja da goro da alewa da turmin shadda, ta durƙusa ta ce Baffa ga lokacin da zan samu dama, amma yadda ka ce. Ta san halinsa, zai yi ɗan faɗa, sannan ya faɗi ranar da bakinsa, ta zama shi ya sa. Katin kuwa ta kawo da wuri ne don an ce mata aikin hannu yana cin lokaci.

Ta je Asabar ɗin. Baffa ya amsa gaisuwarta daga cikin zaure, bai ce ta shigo ba. Ya ce ya riga ya ji, wani mai buga kati a Abuja ya sanar da shi ranar da za a ɗaura aure a ƙofar gidansa. Tunda har an kai ga kati, wanda ya sa ranar sai ya ɗaura. Goron ma bai bari an sauke shi daga kan babur ba. Kwana biyar ta yi a garin tana aika mutane, limami ya je, mai unguwa ya je, wata gwaggonta ta je ta yi kuka. Ya ce shi bai yi fushi ba, bai kuma hana aure ba, amma ba a mai da shi ɗan gayya a auren 'yar ƙaninsa.

Datti ya sunkuyar da kai. Shi da ya aurar da 'ya'ya biyu, ya fi kowa sanin abin da ake nufi da babba ya ji ranar auren 'yarsa a bakin bare. Da shi aka yi wa, da abin da zai yi ya fi haka. Duk lissafin da ya yi na kwana biyar ɗin nan, na 'yan tasha da 'yan ofis, bai taɓa kawo wannan ba, alhali shi ne a gaban hancinsa. Ya ce cikin ƙaramar murya, me ya sa ba ta gaya masa ba.

"Ta yaya zan dubi sa'an ubana in ce na sa rana ban gaya wa Baffana ba?"

Justina ta juya baya tana gyara zaren da ba ya buƙatar gyara. Datti ya cire tabarau. Ya ce zai shiga mota gobe ya je Danja da kansa, ya durƙusa, ya ce laifinsa ne, shi ne ya yi azarɓaɓi. Rumasa'u ta ce ya bari. In ya je, Baffa zai ce har ta kai a turo masa mai kati biko. Ta ce an mai da ɗaurin auren Funtuwa, ƙanin mahaifiyarta zai karɓi waliccin da izinin da Baffa ya aiko a baki. Ta miƙo sabuwar takarda. Datti ya duba. Kowa ya karanta wannan katin zai san akwai magana, yarinya da yayan ubanta a raye, a ce kawu ne a layi na uku.

Ta tambaya ko ya riga ya fara na farkon. Sai ya turo mata kwalin. Ta buɗe, ta zaro ɗaya, ta riƙe shi ta gefe-gefe don kar ta ɓata. Ta daɗe tana kallon layin zinaren. Ta kai yatsa kamar za ta shafa, ta fasa.

"Wallahi ya yi kyau, Baba," in ji ta. "Da ya gani da ya ji daɗi."

Ta sa shi a jakarta, ta ce sauran ya ƙona su, kar wani ya gani. Sababbin kuma ya yi su duka da baƙar tawada, kowane suna daidai da ɗan'uwansa.